Bandirin Maƙwabci da Fatar Layya

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur ina zaune a unguwar Wangsa Maju, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da ɗalibai ke haya. Mu biyu ne a gidan. Ni ina karatun digiri na biyu, abokin zamana yana na uku. Ya girme ni da nisa, malamin jami'a ne a gida, iyalinsa suna Kano, saboda haka Malam nake ce masa. Shi kuwa yakan ce mini ƙanena idan yana cikin nishaɗi, ko Ustazu idan yana son yi mini shaguɓe. Mutum ne mai kyauta, ba zan hana masa wannan ba, domin bai taɓa dafa shinkafa ya ci shi kaɗai ba. Sai dai ban taɓa jin an ambaci wani aiki a gabansa ya ce bai san shi ba. Gyaran firji, ɗinkin hula, maganin ciwon baya, duk ya sani. Daga harshen mutanen ƙasar kalma ɗaya ya riƙe da kyau, boleh, wato zai yiwu, kuma ita yake jefawa tun mai magana bai kai aya ba.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani ɗan ƙasar Barazil ce, wanda ya zo nazarin noman kwakwar manja. Dogon mutum ne mai sanyin murya, ba ya shiga maganar da ba a sa shi ba. A hanyar tashar jirgin ƙasa muka saba, don kusan lokaci ɗaya muke fita da safe. Wata Lahadi ya gayyace ni bakin tafkin Titiwangsa, inda shi da abokansa suke taruwa su yi kiɗan ƙasarsu. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, a gidanmu ko rediyo labarai kawai ake kama masa, amma kunyar ƙin gayyatar maƙwabci ta sa na je.

Sun zauna a da'ira ƙarƙashin wata rumfa. Akwai wani tsoho ɗan Melaka, jikan Turawan Fotugal da suka zauna can tun zamanin da, yana riƙe da babbar jita. Akwai wata mata mai koyar da harshen Fotugal, da ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu wadda ba ta fi tsawon damtse ba. Maƙwabcina kuma ya kwance wani ƙyalle mai laushi ya fito da bandiri, irin wanda masu zikiri ke bugawa a wajenmu, sai dai nasa ƙarami ne, kuma an jera masa ƙananan faya-fayan ƙarfe a jikin kewayen katakon. Ya ce sunan kiɗan a harshensu yana nufin kuka. Ni dai ban ji kuka a ciki ba. Abin da na ji shi ne tsari. Ƙaramar jitar tana gudu a gaba, babbar tana tafe a baya da murya mai kauri kamar dattijon da ke gyara wa yaro zance, bandirin kuma yana riƙe da su duka biyun. Na zuba wa hannunsa ido. Babban yatsa ya buga, kan yatsu su biyo, sannan gindin tafi, hannun hagu yana karkaɗa katakon, yatsa ɗaya kuma yana danna fatar ta baya domin sauya mata murya, kusan yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya nemi a kalle shi. Na koma gida ina ganin girmansu.

Bandirin na mahaifinsa ne. Bayan rasuwarsa uwar ta adana shi shekaru, sai ranar da ɗan zai taso ta damƙa masa. Fatar akuya ce a kai, siririya har haske na ratsa ta. Laimar Kuala Lumpur ba ta bar ta ta zauna lafiya ba. Kullum sai ta saki, kullum sai ya murɗa ƙusoshin da ke riƙe da ita ya ƙara ɗaure ta, har wata rana ta tsage daga gefe zuwa tsakiya. Wannan ya faru ana saura kaɗan Babbar Sallah, uwar kuma tana shirin zuwa ganinsa bayan Sallah, tafiyarta ta farko zuwa wata ƙasa. Duk wayar da suka yi sai ta tambayi bandirin, ta ce so take ta sake jin muryarsa a hannun ɗanta. Bai iya gaya mata ya tsage ba. Ya zaga kantunan kayan kiɗa, sai fatar roba yake samu, ita ma ba daidai faɗin nasa ba.

A wani shagon mamak, irin shagunan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu ya ba mu wannan labari, muna shan shayi mu uku. Bai gama ba Malam ya ce boleh. Ya ajiye kofi ya shiga bayani da Turanci, cewa Allah ne ya haɗa shi da mutanen fata, cewa fatar da Turawa ke yabo suna danganta ta da Maroko daga Kano take fita, cewa a garinmu yaron goye ma ya san jima. Zai yi layya da akuya, fatar kuma ta maƙwabci ce kyauta, shi da kansa zai jeme ta. Fuskar mutumin ta washe. Ya kama hannun Malam da hannu biyu yana godiya.

Da muka hau sama na tambayi Malam, cikin ladabi, ko ya taɓa jeme fata da hannunsa.

"Ustazu ke nan," in ji shi. "Shekara nawa ina wucewa ta gaban majema in zan tafi firamare? Gani ai ya kori ji."

Na san gani ya kori ji, amma ban taɓa jin an ce ya kori koyo ba.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, ya tafi wata gona a bayan gari inda ake yanka wa masu layya. Ya dawo da nama a leda ɗaya, fata a wata. Naman ya raba shi yadda ya kamata, har maƙwabcin ya samu cinya. Fatar kuwa ya zuba ta a bokitin da muke wanki, ya kawo toka daga wurin mai gasa tsiren nan nasu da suke kira sate, ya kwaɓa da ruwa, ya tura bokitin bayan ƙofar banɗaki. Ya ce toka ce ke zubar da gashi, kuma a nan bai yi ƙarya ba. Da gashin ya fara saɓulewa sai ya toshe magudanar ruwa, ruwan wanka ya riƙa taruwa yana yawo da shi a kan ƙafar mutum. Ƙarnin farko na jure shi, kowa ya san ƙarnin fatar layya. Amma wannan bai tsaya a ƙarni ba. Ya yi nauyi, ya zama ɗoyi mai maiƙo wanda ke manne wa tawul da buroshin haƙori.

Sannan Malam ya tuna cewa majema suna sa kashin tattabara domin fata ta yi laushi. Benenmu ba ya rasa tattabaru, suna kwana a kan dakalin da ke bayan tagar kicin. Na dawo daga makaranta na tarar da shi ya zura rabin jikinsa ta taga yana kankaro kashin da murfin tukunyarmu. Ya juye a bokitin ya dama da hannu. Daga ranar na daina alwala a gidan. Kowace salla sai in sauka ƙaramin masallacin unguwa, domin ban ƙara amincewa da tsarkin ko tayil ɗaya na banɗakin ba. Murfin tukunyar kuma ban sake cin abin da aka rufe da shi ba.

Maƙwabcin ya leƙo sau ɗaya a wannan tsakanin. Ya tsaya a bakin ƙofa yana numfashi ta baki, ya ce a iya saninsa fatar bandiri ba a jeme ta, kankare ta kawai ake yi a shanya ta ɗanya. Malam ya yi dariya ya ce wannan hanyar Barazil ce, yanzu zai ga hanyar Kano.

Da aka zo shanya ne abin ya ƙarasa lalacewa. A gida, da rani, fatar da aka kafe da hantsi kafin la'asar ta bushe ƙamas. Irin wannan zafin rana Malam ya sani, da shi kuma ya yi lissafi. Ya buga fatar da ƙusoshi a kan wani allon katako ya jingine a baranda. Amma a garin nan ko riga ka shanya sai ta yi kwana tana danshi, kuma kusan kowace yamma sai hadari ya haɗo, ruwa ya shigo barandar a karkace. Fatar ba ta bushe ba. Ta koma ruwan toka, ta yi yauƙi, gefunanta suka yi kore. Manyan ƙudaje masu sheƙi suka gano ta. Wata safiya na fita ɗauko rigata na ga gefen fatar yana motsi, na duba da kyau, tsutsotsi ne farare suna shiga suna fita ta hudar ƙusa. Rigar ban ɗauke ta ba, a can na bar ta.

Matar da ke zaune ƙasa da mu, wata dattijuwa 'yar asalin Sin, ta hau ta buga ƙofa da hankici a hanci, tana tambaya ko wani abu ya mutu a gidanmu. Malam ya ce mata maganin gargajiya yake haɗawa. Bayan ta tafi ya kunna turaren wuta a kowane lungu, ya fesa turaren kaya a barandar. Ƙamshin bai kori ɗoyin ba, auren juna suka yi. Har yau ba na iya zama a gidan da aka yi irin wannan turaren wuta.

Ana cikin haka uwar ta iso. Ɗan ya ce mata bandirin yana wurin gyara a hannun maƙwabci, kuma zai dawo kafin Lahadi, ranar da zai kai ta Titiwangsa. Malam ya yanko wani yanki daga tsakiyar fatar, inda tsutsa ba ta kai ba, ya wanke shi da sabulun wanki. Ya ce dalilin da ya sa ta ƙi bushewa shi ne ba a ɗora ta a mazauninta ba. A kawo katakon, a ɗaure ta a kai tana jiƙe, ta bushe a jikinsa. A nan ne na yi magana.

"Malam, da an bar masa katakon nan. Na mahaifinsa ne, ba shi da wani. Fatar nan ta riga ta ruɓe."

Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ƙanena, ka taɓa yin layya da kuɗinka?"

"Ban taɓa ba, Malam."

"To, ka bari waɗanda suka yi su yi magana a kan fata."

Na tsallaka na sami maƙwabcin a bakin matakala, na gaya masa abin da idona ya gani, ban rage komai ba, har tsutsotsin. Na ce kada ya ba da katakon. Ya ce mutumin nan ya ba shi fatar dabbar ibadarsa, ya zauna cikin wari saboda shi, ta yaya zai dube shi ya ce bai yarda da shi ba? Kuma ya riga ya gaya wa uwarsa Lahadi. Da yamma ya kawo katakon a naɗe cikin ƙyallensa, ya miƙa wa Malam kamar mai miƙa jariri.

Malam ya kwance ƙusoshin da filaya, ya cire tsohuwar fatar ya jefa a kwandon shara, ya shimfiɗa tasa mai kauri da yauƙi, ya ɗaure iya ƙarfinsa. Ya rataye bandirin a jikin tagar kicin. Ruwan fatar ya riƙa tsattsafowa yana bin katakon. Kafin a je ko'ina fumfuna ta fito a cikin kewayen, faya-fayan ƙarfen suka fara tsatsa. In ya buga da yatsa sai ta ce ɓaf, kamar an mari ɗanyen nama.

Ranar Asabar da hantsi ya ce ya gano abin da ya rage. Ya sha ganin makaɗa a gidan biki suna kara ganga kusa da wuta domin fata ta ɗaure. Ya kunna murhun gas, ya riƙe bandirin a sama da harshen wutar yana jujjuyawa. Makaɗan da ya gani busasshiyar fata suke ɗumamawa, daga nesa, a gefen garwashi. Wannan jiƙaƙƙiya ce, ruɓaɓɓiya, a kan wuta tsirara. Tururi ya tashi, ƙaurin ƙonannen gashi ya haɗu da ɗoyin da muka kwana biyu muna sha, kitsen da bai kankare ba ya fara ɗiga yana tsartuwa a kan murhu. Na toshe hanci na koma bakin ƙofa. Ina kallo fatar ta tattare ta gefe ɗaya tana jan katakon. Katakon kuwa siraran falle ne aka lanƙwasa aka manne, ruwa ya riga ya ci mannin. Sai na ji ƙas. Kewayen ya buɗe a mahaɗarsa, ya tsage har wajen da ake riƙewa, faya-fayan ƙarfe biyu suka faɗo suna gangarawa ƙarƙashin firji.

Malam ya kashe wutar. Ya yi salati, ya jujjuya abin a hannunsa, sannan ya yanke hukunci cewa laifin akuyar ne. Akuyar ƙasar nan ruwa ne a jikinta, in ji shi, da jar akuyar Sakkwato ce da tuni an gama. Katakon ma dama ya tsufa. Ya wanke hannu, ya canja riga, ya ce yana da ganawa da malamin da ke duba aikinsa, ni in kai wa mutumin, tunda abokina ne kuma ni ne ƙarami.

Na sa leda a hannu na ɓamɓare fatar, na kai ta har babban bolan da ke ƙasa tare da allon da bokitin. Na goge katakon da ruwan ɗumi, na zaro faya-fayan daga ƙarƙashin firji, na naɗe duka a ƙyallen. Warin bai fita ba, ya riga ya shiga itacen.

Uwar ce ta buɗe ƙofa, gajeriyar tsohuwa mai furfura a ɗaure, ɗan yana tsaye a bayanta. Ya ga yadda na riƙo ƙyallen, ya gane. Ita ta karɓa ta kwance a kan tebur. Na zaci za ta kawar da kai saboda ɗoyin, amma ba ta yi ba. Ta ɗaga katakon, ta bi tsagar da yatsa, ta tsaya a wani wuri da itacen ya yi baƙi ya yi santsi, inda hannun mijinta ya shekara yana riƙewa. Tsagar ta ratsa ta nan. Ɗan ya yi mata bayani da harshensu, a hankali, ya daɗe yana yi. Ta saurara har ya gama, sannan ta dube ni ta yi tambaya. Ya yi jinkirin fassarawa, sai da ta taɓa hannunsa.

"Tana tambaya," in ji shi, "wai a ƙasarku mutum ba ya iya cewa bai iya abu ba?"

Na ce ana iya cewa, kuma akwai masu cewa. Ya fassara mata. Ta gyaɗa kai, ta mayar da ƙyallen ta rufe katakon, ta tambaya ko na ci abinci. Na ce na ƙoshi.

Washegari na bi su Titiwangsa domin ita ta ce in zo. Tsohon Melaka da malamar sun ɗaure tsirkiyoyinsu suka fara. Maƙwabcina ya zauna a wurinsa na kullum, hannuwansa a kan gwiwa. Kiɗan ya tafi, amma kamar tafiyar mai ɗingishi, jitocin biyu suna ta waiwayen abin da babu. Can uwar ta buɗe kwandon abincin da ta zo da shi, ta ɗauki farantin tangaran da wuƙar cin abinci, ta fara goga bayan wuƙar a bakin farantin tana ba su lokaci. Ɗan ya ce mini haka matan yankinsu suke yi tun tana yarinya. Ta yi waƙa biyu ta ajiye, ta ce hannunta ya gaji. Ba ta ji abin da ta ƙetaro teku domin ta ji ba, kuma ba wanda ya yi kamar ta ji. Da za ta koma ƙasarsu ta tafi da katakon, ta ce akwai kafinta a garinsu da za ta nuna wa. Ban sami labarin ya gyaru ba. Maƙwabcin bai daina gaishe ni ba, amma ya daina zama shan shayi da mu.

Da na dawo daga tafkin a wannan Lahadin na tarar da Malam a kicin yana soya sauran naman layya a kan murhun nan, bai ko goge ɗigon kitsen jiya ba. Ya tambaye ni yadda taron ya kasance, na ce an yi. Ya tambaya ko tsohuwar ta fahimci cewa matsalar daga akuyar take, na ce an yi mata bayanin komai. Ya ji daɗi. Ya juya naman, ya ɗanɗana, sannan ya buɗe firji ya nuna mini wata leda a saman kwanon miyata. Ashe ya ɓoye wani yanki na fatar tun kafin in zubar da sauran.

"Wannan tsohon mai babbar jita," in ji shi, "na ji ka ce igiyar rataya jitarsa ta tsufa. Ka tambaye shi faɗin da yake so."

Na fitar da kwanon miyar na juye a shara. A makon nan na fara neman ɗaki a unguwar Brickfields.